Yadda ake haɗa kan hukumomi da mutanen unguwa don tarar sababbin kayan maye

Tun da na ba da labarin kwamitin da muka kafa a unguwarmu kan shaye-shaye, tambayoyin da ake turo mini kusan iri ɗaya ne: ta ina kuka fara, wa kuka fara gani, nawa kuka kashe? Wani malamin makaranta ya ce sun yi taro har sau uku, kowane karo a cika rumfa, a sha jawabi, a watse. Wata baiwar Allah kuma ta ce su a wajensu da an ambaci kwamiti sai matasa su ɗauka 'yan kai rahoto ne. Duka biyun mun ɗanɗana, shi ya sa zan jero matakan bi da bi, tare da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a shekarar da ta gabace shi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Kayan kuma ba sa zama wuri ɗaya. Da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kwalba ta yi tsada, sai kasuwar taramol da rochi da ekzol da firegabalin ta ƙara buɗewa. Mai kyamis ya san sunan abin, nas ta ga abin da yake yi wa jiki, ɗan sintiri ya san kangon da ake sha, jami'in NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ne ke da ikon kamawa. Kowa na riƙe da guntun labari. Aikin kwamiti shi ne ya haɗa guntayen nan tun kafin a kai ga jana'iza.

1. Zagaye kafin taro

Kada ku kira kowa tukuna. Mutum uku ko huɗu da unguwa ta yarda da su, har da mace aƙalla ɗaya, su ɗauki sati biyu zuwa uku suna tambaya a hankali. A zauna da masu kyamis, da mai shayi, da shugaban 'yan adaidaita sahu, da nas ɗin asibitin sha-ka-tafi, da ungozoma, da malamin da ke kula da ladabtarwa a sakandare, da mai tsaron maƙabarta idan akwai ta kusa, don shi ya san masu shiga bayan magariba. Wanda ya fi kowa amfani kuwa shi ne matashin da ya taɓa sha ya daina. Ku nemo irinsa ko da ɗaya ne.

Tambayoyin ba su da yawa. Me ake sha yanzu, kuma da wane suna ake kiransa a majalisa? Nawa ake sayar da shi? Da me ake haɗa shi? Su waye suka fi sha: 'yan makaranta, leburori, direbobi, matan aure? Me ya shigo cikin wata shida da suka wuce wanda da babu shi? Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi da biro sun isa.

Gargaɗi: a wannan matakin ba a rubuta sunan kowa, ba a ɗaukar hoton kowa, ba a zuwa inda ake sha da dare don a gani da ido. Sunan kaya ake rubutawa da yankin da ake samunsa. Littafin da ke ɗauke da sunayen 'ya'yan mutane, ranar da ya ɓata kwamitin ya mutu.

2. Sallama ga masu gari

A bi tsani yadda yake: mai unguwa, shi ya kai ku wurin dagaci, dagaci ya kai ku wurin hakimi. Ku tafi da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da abin da zagayen ya nuna. Abin da kuke nema a wurin hakimi guda biyu ne, ya yarda ya zama uban kwamiti, kuma takardun gayyata su fita da hatiminsa. Takardar da ta fito daga fada ba a jefa ta a durowa kamar yadda ake yi wa ta ƙungiyar matasa. Bayan nan a kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma, a ga shugaban sashen lafiya da na walwalar jama'a.

Kansila da ɗan majalisa a sanar da su, a karɓi gudummawarsu idan sun bayar, amma kada a ba su shugabanci. Kowa ya san inda wasu 'yan jagaliya ke samun kuɗin ƙwaya lokacin kamfe. Kwamitin da aka shafa wa launin jam'iyya, rabin unguwa sun fita daga cikinsa ke nan.

3. Wa za a gayyata, kuma me yake da ikon yi

Nan ne aka fi yin kuskure, domin mutane kan gayyaci hukuma ba tare da sun san iyakar ikonta ba, daga baya a yi ta zargin an kai ƙara ba a yi komai ba.

NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ce mai alhakin kama masu fatauci da gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne tana da sashen rage shaye-shaye, masu ba da shawara da wayar da kai, kuma tun 2021 take tafiyar da shirin WADA na yaƙi da shan ƙwaya a makarantu da wuraren ibada da tashoshi. Idan kun rubuta wa kwamandan jiha ko na shiyya, ku ambata ƙarara cewa kuna son wakili daga wannan sashen. In ba haka ba jami'in samame kawai za a turo muku.

NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ita ce ke duba ko magani na jabu ne, ko ba shi da rajista, ko ƙarfinsa ya wuce abin da aka amince. Misali taramol, mai miligiram 50 da mai 100 ne aka yarda da su, don haka duk katin da aka ga 200 ko 225 a jikinsa haramtacce ne tun daga bakin iyaka. Majalisar harhaɗa magunguna, PCN, ita ke ba kantin magani da ƙananan kyamis lasisi, ita kuma ke da ikon rufe su. Mai unguwa ba shi da wannan ikon, ɗan sintiri ma haka.

'Yan sanda na caji ofis ɗin yankinku za ku buƙace su don tsaro da abin da ya shafi daba da ƙwacen waya. Hisba, a jihohin da take, ta fi amfani wajen sulhun iyali da nasiha da shiga lamarin mata. Sai asibiti: shugaban asibitin unguwa, da wani daga babban asibitin da ake tura marasa lafiya, musamman wanda ke aiki a ɗakin gaggawa. Idan da hali a samu nas ko likitan ƙwaƙwalwa, ko da lambar wayarsa ce kawai.

Daga cikin gari kuma: limamin Juma'a, da fasto idan unguwar haɗaka ce, shugaban sakandare, shugabar mata ko malamar Islamiyyar matan aure, shugaban ƙungiyar masu kyamis, wakilin direbobi, kwamandan 'yan sintiri, da matasa biyu, ɗaya daga cikinsu wanda ya san abin daga ciki.

Kada adadin ya wuce goma sha biyar. Taronmu na farko mutum sun haura sittin, aka yi awa uku ana gaisuwa da godiya, aka tashi ba wanda ya san aikinsa. Sai da muka sake sabon lale. Kuma a roƙi kowace hukuma ta ba da mutum ɗaya tsayayye da sunansa da lambarsa, da wanda zai maye gurbinsa. Idan yau wannan ya zo gobe wancan, kullum daga farko za ku riƙa farawa.

4. Zaman farko

A yi shi a wurin da ba na kowa ba, kamar ajin firamare ranar Asabar ko zauren hakimi. A caji ofis ko ofishin NDLEA matasa da mata ba za su saki baki ba. Awa ɗaya da rabi ya isa. Bayan addu'a, a karanta sakamakon zagaye, sannan kowane wakili ya amsa tambaya biyu cikin minti uku: me kake gani a wurin aikinka, me za ka iya yi wa wannan kwamiti ba tare da ka nemi izini daga Abuja ba?

A zaɓi shugaba, amma hankalinku ya fi karkata ga sakatare. Shugaba dattijo ne mai kwarjini da zai iya cewa jami'i ya yi haƙuri ya zauna. Sakatare shi ne mai bin kowa da waya, mai rubuta wa ya ɗauki me, zuwa yaushe. A samu mai haƙuri, mai riƙe sirri, wanda ba ya neman takara. A tsayar da ranar zama ta dindindin, misali Asabar ɗin farko ta kowane wata, don kada a riƙa neman rana kowane karo.

Kafin a tashi a zaɓi matsala biyu kacal da za a tunkara cikin wata uku. "Kawar da shaye-shaye" buri ne, ba a iya auna shi. "Hana sayar wa yara 'yan makaranta sholisho a layin masu faci" aiki ne da za a iya dubawa a ga an yi ko ba a yi ba.

5. Yarjejeniya a rubuce

Shafi biyu, da Hausa, kowa ya sa hannu. Ƙashin bayanta magana ɗaya ce: mai sayarwa hanyarsa daban, mai sha hanyarsa daban. Labarin dila yana tafiya wurin NDLEA ta bakin mutum ɗaya da aka amince da shi. Labarin yaron da ya kamu yana tafiya wurin ma'aikacin lafiya da iyayensa. Idan uwa ta kawo kukan ɗanta ga kwamiti, washegari aka zo da mota aka ɗauke shi, babu uwar da za ta sake zuwa, kuma ita ce ta fi kowa sanin abin da ke shigowa gida. Wannan sharaɗin sai an tattauna shi da jami'an tsaro a fili, domin a doka mallakar ƙwaya laifi ne, kuma ba za su yi muku alkawarin kau da kai ba. Abin da za ku iya samu shi ne a yarda cewa sunan wanda ya zo neman magani ba ya shiga zauren taro sam, yana tsayawa tsakaninsa da ma'aikacin lafiya.

Sauran sharuɗɗan: ba a ambaton suna a taro, sai dai a ce "wani matashi ɗan shekara kaza". Ba wanda ke magana da 'yan jarida da sunan kwamiti sai shugaba. 'Yan sintiri ba sa duka, ba sa aske kai, ba sa zagaya gari da wanda suka kama, ba sa ƙona shago, kuma duk wanda suka riƙe su miƙa shi ga hukuma nan take. Wanda ya tsegunta wa dila cewa ana zuwa, a sallame shi.

Gargaɗi: mu an taɓa tura hoton wata takarda mai sunaye a zauren WhatsApp na kwamiti, da niyyar alheri. Kafin la'asar ta zagaye unguwa, aka fasa auren wata yarinya da ko tabbacin abin da aka faɗa a kanta babu. Har yau ina jin nauyin abin. Ban da haƙƙi, tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, kuma bayanin lafiyar mutum na cikin waɗanda ta fi tsaurarawa a kansu.

6. Ƙararrawar sabon abu

Wannan shi ne matakin da ya bambanta kwamiti mai rai da na jawabi. Sabon kayan maye ba ya zuwa da sanarwa. A 2022 sai da akuskura, wani jiƙon ganyayyaki mai sa maye, ta bazu, ana ta yaɗa bidiyon masu faɗuwa suna shure-shure, kafin NDLEA ta yi gargaɗi a kanta. A 2023 hukumar ta ba da umarnin farautar masu sayar da iskar nan mai sa dariya da ake shaƙa a balan-balan a wuraren shagali. A Saliyo, haɗin da ake kira kush ya kai shugaban ƙasar ga ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024. A farkon 2025 kuma aka bankaɗo ƙwayoyin da ake haɗawa a Indiya da tafentadol da karisofurodol, ana shigo da su Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol, ana sayar da su a matsayin taramol. Mai sha yana zaton abin da ya saba ne, ya haɗiyi adadin da ya saba, numfashi ya tsaya.

Ga yadda ake tsara ƙararrawar. A fitar da mutum biyar daga kwamiti: ma'aikacin lafiya, mai kyamis, jami'in NDLEA, sakatare, da matashin nan da ya san majalisa. Su kaɗai ne a zaurensu na waya. A yarda da abubuwan da ke sa a buga ƙararrawa: sabon suna ko sabon kati da ba a saba gani ba, mutum biyu ko fiye da aka kai asibiti da alamu iri ɗaya cikin sati guda, mutuwar fuju'a ta matashi da ake zargin ya sha wani abu, ko farashin wani abu ya faɗi warwas, wanda yawanci alama ce ta sabon kaya ya shigo ko an gauraya.

Duk wanda ya fara ji, ya rubuta abu shida: rana, yanki, sunan da ake kiran abin, kamanninsa, yadda ake shan sa, da abin da ya yi wa wanda ya sha. Idan an samu fankon kati ko kwalba, a ɗauki hotonsa gaba da baya yadda sunan kamfani da lambar NAFDAC da ƙarfin maganin za su fito. Cikin kwana ɗaya mutum biyar ɗin su yi magana, ko ta waya ce. Mai kyamis ya duba ko abin yana da rajista, ma'aikacin lafiya ya tambayi abokan aikinsa na wasu asibitoci ko sun ga irinsa. Cikin kwana biyu a yanke: a ci gaba da sa ido, a sanar da asibitoci da masu kyamis kawai, ko a gargaɗi jama'a.

Gargaɗi: kada ɗan kwamiti ya ajiye ƙwaya ko garin wani abu a gidansa ko a aljihunsa da sunan shaida. Idan aka kama shi da ita, takardar kwamiti ba za ta cece shi ba. A kira jami'in NDLEA ya karɓa, a rubuta rana da sunan wanda ya karɓa. Su ne ke da ɗakin gwaji. Kada kuma wani ya ɗanɗana ko ya shinshina don ya gane mene ne.

Idan an yanke a gargaɗi jama'a, a kula da lafazi. Saƙon da ya ce "wata sabuwar ƙwaya mai ƙarfin gaske ta shigo" talla ne, gobe za a je nemanta. A faɗi cutar: tana tsayar da numfashi, ta kwantar da mutum kaza a asibiti a satin nan, ga alamun, ga inda za a kai mutum. Kada a faɗi inda ake sayarwa, kada a bayyana yadda ake haɗawa. Saƙon murya na minti ɗaya daga bakin nas ɗin da aka sani ya fi doguwar takarda tafiya, sai liman ya maimaita bayan sallah.

7. Hanyar asibiti

Kafin ku fara wayar da kai, ku tabbatar kun san inda za ku kai wanda ya ce yana son dainawa, domin za su zo, kuma sau da yawa da dare suke zuwa. Mutum biyu su je da ƙafarsu su gano: wace rana ake ganin masu matsalar shaye-shaye, nawa ne kuɗin kati, nawa ne na kwanciya, ana karɓar mata, ana buƙatar mai jinya? A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Aminu Kano. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. NDLEA ma tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, da ake samun masu ba da shawara. A rubuta duk wannan a shafi ɗaya, a ba kowane liman da shugaban makaranta da mai kyamis.

Ba kowa ne ke buƙatar kwanciya ba. Da yawa zuwa ganin likita da zama da mai ba da shawara ya ishe su, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Ma'aikacin lafiya ne zai tantance.

Gargaɗi na farko: wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko rochi, ko diyazefam, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina yau. Yankewa farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa har da mutuwa. A hannun likita ake sauka, a hankali.

Na biyu: kwamiti kada ya tura kowa gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 wasu cikin sarƙa, da wanda aka gano a Daura bayan 'yan makonni, ya isa izina. Duk wurin gyaran halin da za ku ambata wa iyaye, ku je ku gani, ku tambayi rajistarsa da ma'aikacin lafiyar da ke duba mutanen ciki.

Na uku, kuma wannan a koya wa 'yan sintiri da masu shayi da 'yan adaidaita: idan aka tarar da mutum a sume, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana wani irin minshari, a kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan da nan, a tafi da fankon abin da ya sha. Ba a ɗura masa madara ko manja, domin huhu suke tafiya. Ba a barinsa wai ya yi barci ya wartsake. Ku tambayi asibitinku ko suna da allurar nalokson, wadda ke farfaɗo da numfashin wanda ya zarce da kodin da danginsa. Idan babu, wannan buƙata ce da kwamiti zai rubuta wa ma'aikatar lafiya da hatimin hakimi.

Wanda ya dawo daga magani kuma a san inda zai wuni. Idan majalisar da ya bari ita ce kaɗai ke jiransa, zai koma. Mu masu gareji da teloli da masu walda muka roƙa kowa ya ɗauki ɗaya. Wasu sun koma ruwa, aka sake kai su. Komawa ba ta nufin maganin bai yi ba, haka ciwon yake.

8. Masu kyamis da masu giya

A fara da zama da ƙungiyarsu kafin a kai ƙarar kowa. Mafi yawansu ba sa son ɓata-garin cikinsu, don su ke jawo musu samame. A yarda cewa ba a sayar da maganin barci ko na kashe zafi mai sa maye sai da takardar likita, wanda dama ƙaramin kyamis ba shi da izinin ajiye su, kuma ba a ba yaro ko da ya ce aiko shi aka yi. Wanda ya ƙi ji bayan gargaɗin ƙungiya, a rubuta wa PCN da NAFDAC. A Kano, tun da aka matsa wa dillalan magani na Sabon Gari su koma cibiyar Dangwauro a farkon 2024, ya fi sauƙi a tambayi mai kanti rasit ɗin inda ya saro kaya. Kada a manta da masu tallan magani a faranti da baro a tasha da kasuwar ƙauye, ta nan taramol ke isa gona.

Giya kuwa dokarta ta bambanta daga jiha zuwa jiha, sai ku san taku. Inda aka hana, ba ta ɓace ba, ta koma leda da gorar lemo da bayan gari. NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200 a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni kan wa'adi, kuma irin wannan ce ke shiga aljihun ɗan makaranta da direba, wani lokaci da sunan maganin basir ko na ƙarfin maza. Haɗari mafi muni shi ne ogogoro, giyar da ake haɗawa a gida, da aka gauraya da sinadarin metanol, irin wanda ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015. Alamarsa takan makara, sai bayan rabin yini ko fiye mutum ya fara amai da ciwon kai da gani dishi-dishi. Wanda ya sha ya ce ganinsa ya canza, asibiti kai tsaye, a kuma buga ƙararrawa don a nemo waɗanda suka sha tare da shi. A unguwar da ake zaune da mabiya addinai daban-daban, a bar batun ya tsaya kan yara da tuƙi da guba, kuma a sa shugabannin kowane ɓangare a gaba. In aka bari ya koma rikicin addini, an bar maganar lafiya ke nan.

9. Wayar da kai

Sai yanzu aka zo kanta, ko da yake da ita kowa ke son farawa. Gangamin rana ɗaya da riguna da kwalaye, kamar na 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shan ƙwaya ta duniya, yana da daɗin hoto amma ba ya canza komai shi kaɗai. A makaranta darasi mai ɗorewa ne ke aiki, irin shirin Unplugged mai darasi 12 da aka gwada a sakandaren Najeriya, wanda ke koya wa yaro yadda zai ce a'a ga abokinsa. Ku tambayi ma'aikatar ilimi ko akwai malamin da aka horar a yankinku. A roƙi shugabannin makarantu kada kora ta zama matakin farko, yaron da aka kora dila aka miƙa wa.

Mata sai an bi su inda suke: Islamiyya, awon ciki, gidan biki, kuma mace ce za ta yi musu magana. Matar aure da ta kamu da kodin ko ƙwayar barci tsoron saki ne ke hana ta faɗa, don haka a ba su lambar mace ma'aikaciyar lafiya da za su kira ba tare da sun bi ta kan kowa ba.

10. Kuɗi

Abin da ke cin kuɗi kaɗan ne: littafi, buga takardu, katin wayar sakatare, ruwan sha ranar zama, da kuɗin motar kai wasiƙu. Karo-karon 'yan kwamiti da masu hali biyu ko uku na ɗaukar wannan. Babban kashi shi ne asusun kai marasa ƙarfi asibiti, shi kuma a ware shi daban, mutum uku su sa hannu kafin a fitar, a biya asibiti kai tsaye, a karanta lissafi a kowane zama.

Kada a fara biyan kuɗin zama. Ranar da aka kasa biya, kujeru za su zama wayam. Kada kuma a ba jami'i kuɗin mai don ya je samame, domin daga nan wanda ya fi ku biya shi ke da shi. Gudummawar wanda ake zargi da fatauci a mayar masa, komai yawanta. Rajista da ƙaramar hukuma ta isa a shekarar farko. Ta hukumar rajistar kamfanoni sai lokacin da kuke shirin buɗe asusun banki da neman tallafin ƙungiyoyi.

11. Bita bayan wata uku

A zama na huɗu sakatare ya zo da lissafi: sau nawa aka buga ƙararrawa, kwana nawa aka ɗauka kafin a yanke hukunci, mutum nawa aka tura asibiti, nawa suka isa, nawa suke ci gaba da zuwa, wasiƙa nawa aka rubuta wa hukumomi, nawa aka amsa, wace kujera ce ta fi zama babu kowa. Yawan kame ba ma'auni ba ne mai kyau, yana iya hauhawa alhali kayan sun koma layin baya ne kawai. Idan kuka ga masu zuwa neman magani sun ƙaru, kada ku tsorata, alama ce mutane sun fara yarda da ku.

Hukumar da wakilinta ya yi fashin zama biyu a jere, shugaba da sakatare su je ofis da kansu, ba wasiƙa ba. Sau da yawa za ku tarar an yi masa canjin wurin aiki ne, wanda ya gaje shi bai ma san da ku ba. Ku tafi da kwafin yarjejeniya da shafin lambobin waya, ku karɓi sunan sabon wakili kafin ku fito. Daga nan a koma mataki na ɗaya, a sake zagayen masu shayi da masu kyamis, don sunayen da kuka rubuta wata uku da suka wuce wasu sun riga sun canza.